Tagar da Sarkin Guga Ya Toshe

In dai ana maganar tsafta, duk layin babu wanda ya isa ya ɗaga wa Sarkin Guga yatsa. Shagonsa na wanki da guga yana gaban gida, iyalinsa suna baya, bango ɗaya ne tsakani. Mutum ne da ƙura ta zame wa abokiyar gaba. Yana cikin gaisawa da kai idonsa na kan wuyan rigarka, kafin ka gama tambayar iyali ya sa yatsu biyu ya cire maka wani ɗan zare da kai ba ka ma gani ba. Farin kaya kuwa, in ya fito daga hannunsa, sai ka ji nauyin sa shi. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta a allon shago.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a wannan shekara, ciwon kan Inna. Tun rasuwar mahaifinsa Inna take zaune a ɗakin da ke manne da shagon, ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan. Ya yi wa tsohon alkawari a gadon asibiti cewa muddin yana numfashi, Inna ba za ta zauna ƙarƙashin rufin kowa ba sai nasa. Sai ga ciwon kai, ga jiri, ga kasala. Tsohuwar da ta saba share tsakar gida kafin kowa ya tashi, yanzu sai ta wuni kwance da ɗankwali ɗaure tamau a goshi. An je asibiti, an auna jini, an canza tabarau, an ce hawan jini ne, an dawo an ce ba shi ba ne. Ƙarshe dai kowa ya jingina abin ga tsufa.

Kowa, ban da Yaya, babbar yayarsa da ke aure a ɗaya gefen gari. Ita Yaya ba ta iya ɓoye magana a ciki ba, kuma ba ta taɓa yafe wa ƙaninta wannan alkawari da aka ƙulla ba a tambaye ta ba.

"Kai dai ka iya kula da rigunan mutane," ta ce masa ranar da ta zo dubiya. "Uwarka tana narkewa a gabanka kana goge wuyan riga. In watan nan ya ƙare ba ta ji sauƙi ba, zan zo in ɗauke ta, in ga mai hana ni."

"Yaya, alkawari na yi wa Baba."

"Baba bai ce ka riƙe ta ta ƙare a hannunka ba."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Yana son uwarsa, kuma yana tsoron ranar da zai leƙa ɗakin nan ya tarar babu kowa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Hukumar kula da muhalli ta aiko cewa kafin a sabunta masa lasisi, za a turo mai bincike ta duba yadda shagon yake shan ruwa da wuta, da inda dattinsa yake zuwa. Da yake shago da gida magudana ɗaya suke amfani da ita, har cikin gida za a shiga. Da ya ji wadda za a turo sai gabansa ya faɗi. Masu wanki suna kiranta Mai Hanci, wai tun daga bakin titi take jin abin da ka ɓoye a bayan shago.

Sarkin Guga ya yi abin da ya fi iyawa. Shi da Dogo, babban ma'aikacinsa da suka daɗe tare, suka wanke daɓe har sai da ya riƙa ɗaukar ido, suka shafe bango da farin fenti, suka jera duro-duro a layi. Injin wankin kwat, wanda ba a sa masa ruwa sai wani sinadari mai kaifin wari, tun jajibirin ranar aka kashe shi, aka goge shi, aka fesa turare a ɗakinsa.

Da hantsi ta iso. Ba wata ƙatuwa ba ce kamar yadda ya zata. Mace ce 'yar tsaka-tsaki, ta fara furfura, takalminta shafaffe irin na wanda ya san zai yi tsayuwa, da jaka a kafaɗa da tabarau rataye a wuya. Ta yi sallama, ta gaishe shi, ta gaishe da Dogo, ta tsaya tsakiyar shagon ta dubi bango, ta dubi daɓe, ta ja numfashi. Sai ta yi murmushi.

"Maigida, ashe biki ake yi ba a gaya mini ba? Wa za a aurar, injin?"

Dogo ya fashe da dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskar ubangidansa.

"Mu haka muke kullum, Malama."

"Na yarda, na ga farcenka. Amma ni ba tsafta na zo dubawa ba, tsafta kai za ka koya mini. Shagon da ke aiki na zo gani. Ku kunna komai kamar ba na nan. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi, balle a gidan wanki."

Babu yadda ya iya. Aka kunna tukunyar tururi, aka kunna injinan ruwa, aka zuba kwat-kwat a injin sinadari ya fara juyawa yana gurnani. Ita kuwa ta ajiye jaka, ta sa safar hannu, ta nufi inda bai taɓa zaton baƙo zai fara ba, kwandon shara. Ta tsuguna ta zazzage shi a kan jarida tana ware leda gefe, hangar waya da ta lanƙwashe gefe, gurzun auduga gefe. Sarkin Guga ya ji kamar rigarsa aka tuɓe masa a kasuwa.

"Kar ka damu," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Duk abin da ya shigo gidan nan sai ya fita, ko ta kwando, ko ta magudana, ko ta iska. Ni hanyar fitar nake bi. Aikina ke nan."

Ya so ya tsane ta, abin ya ƙi. Yana biye da ita yana kallon yadda take aiki, kuma mai sana'a ba ya ganin gwani ya kasa ganewa. Ba ta gaggawa, ba ta kuma ɓata motsi. Ta sa aka rufe duk famfunan gidan, ta je ta zuba wa mitar ruwa ido, ta nuna masa ƙaramar allurar tana ci gaba da juyawa. Ta bi bango da tafin hannu har ta kai ga wurin da ke da sanyi a bayan bandaki, ta ce bututu ya tsage a nan. Ta nuna bututun tururi da ke tsirara yana ƙona iska a banza, ta ce a naɗe shi. Da ta ga yana tara ruwan ɗauraya na ƙarshe a duro don wanke daɓe, sai ta tsaya ta yaba, ta ce za ta riƙa ba wasu labari. Da ta tambayi inda yake zubar da guggubin da ke taruwa a ƙasan injin sinadari, sai ya nuna kwata, Dogo ya kalli silin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce daga yau a tara shi a duro mai murfi, ta faɗa masa masu zuwa kwasa, ta ce abin da ka zuba a kwata ba ɓacewa yake yi ba, gidan wani yake zuwa.

Sai suka shiga ɗakin injin sinadari. Ƙaramin ɗaki ne a ƙuryar shago, a nan kuma yake rataye fararen kaya da aka gama, don nan ne ƙura ba ta shiga. Turaren da aka fesa ya riga ya gudu, warin sinadarin ya dawo ya cika wurin. Shi ya daɗe da daina jinsa. Ita ta tsaya a bakin ƙofa ta ciro wata 'yar na'ura daga jaka, ta dube ta, fara'ar fuskarta ta ragu.

"Maigida, iskar ɗakin nan ta ina take fita?"

"Ta ƙofa mana."

"Ƙofar a rufe na same ta."

"Saboda ƙura, Malama. Farin kaya ba ya son ƙura."

Ta ɗaga kai tana bin bango da kallo har idonta ya tsaya a kan wani wuri mai kusurwa huɗu can sama, inda fentin ya ɗan tasa.

"Wancan fa?"

Nan Sarkin Guga ya gyara tsayuwa, don wannan aikin yana alfahari da shi. Ya ce da can taga ce mai fanka da ke zuƙe iska waje. Fankar ta mutu bara, sai ramin ya zama ƙofar ƙura da baƙin hayaƙin motoci. Rannan ya zo ya tarar da farar rigar wani ango ta yi ɗigo-ɗigo, sai da ya sake wanke ta. Ranar ya sa katako ya toshe wurin, ya bi da fenti, tun daga nan ko ƙwayar ƙura ba ta sake shiga ba.

"Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo," ya ƙarasa.

"Haka ne," ta ce. "Amma iska ba ta zama wuri ɗaya don an rufe mata ƙofa. Bari mu tambaye ta inda take bi."

Ta sa yatsu biyu ta ciro wani siririn farin zare daga kafaɗar Dogo, kamar yadda shi Sarkin Guga yake yi wa mutane. Ta ce a rufe ƙofa, kowa ya tsaya cik. Ta riƙe zaren ta bakinsa ɗaya tana bin bango a hankali, sama, tsakiya, sannan ta durƙusa gwiwa bibbiyu a kan daɓe. Ta ce warin wannan sinadari ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ta rarrafa har bayan duro-duron da suka jera jiya. A nan zaren ya motsa. Ya karkata, ya miƙe, ya nuna wani rami kusa da ƙasa, inda tsohon bututun ruwa ya taɓa ratsa bango aka cire shi ba a liƙe ba.

"Me ke bayan bangon nan?"

Dogo ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗakin Inna ne."

Suka zagaya ta cikin gida. Inna tana kwance a kan katifarta ta ƙasa, don ta daɗe da cewa gado yana sa mata ciwon baya, kanta daf da bangon. Malama ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta kamar uwarta, ta tambayi jiki, ta saurari labarin ciwon tun daga farko ba ta katse ba. Sannan ta nemi izini ta ɗan ja akwatin da ke gefen matashi. Ramin yana nan a bayansa. Ta kai na'urar kusa, ta duba, ta mayar da ita jaka.

"Inna, akwai ranar da kan yake miki sauƙi?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ki gaya mini, Inna. Ba mai yi wa kowa faɗa."

"Ranar hutu," ta ce a hankali. "In ba a aiki, nakan ji garau."

"Kina jin warin nan?"

"Ina ji mana, 'yata. Hancina bai tsufa ba."

Sarkin Guga ya matso. "Inna, kina ji, ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara. "In ce me? Warin abincinka ne. In na ji shi na san ana kawo maka aiki. Ubanka ya rasu bai ga ka sayi injin nan ba. Ni da na gani, sai in buɗe baki in ce yana damuna?"

Ya juya ya fuskanci bango. Mutumin da ba ya barin ɗigo ɗaya ya taɓa rigarsa, sai ga shi yana share fuska da hannun riga. Garin neman gira ya kusa rasa ido, kuma da hannunsa ya buga ƙusoshin.

Malama ta ba shi lokaci. Da suka fito tsakar gida ta yi masa magana a tsaye, ba sassauci, ba kuma cin fuska. Ta ce ita ba likita ba ce, ba za ta rantse cewa wannan ne kaɗai ciwon Inna ba, amma a kai ta asibiti a gaya musu sunan sinadarin da ta daɗe tana shaƙa. Ta ce a kai Dogo ma, shi ma kansa ya je. Injin zai tsaya daga yanzu, sauran wanki da guga su ci gaba. A buɗe tagar, a sa fanka mai ƙarfi da bututun da zai kai iskar sama da rufi, a liƙe ramin da siminti, a gyara murfin injin da ke shan iska, a fitar da fararen kaya zuwa wani wuri.

"Kuma Inna ba za ta kwana a ɗakin nan ba sai na dawo na auna. Katifa da labule duk sun sha. Gara ma ta bar gidan gaba ɗaya har a gama fasa bango."

"Malama, a taimaka. In ta fita daga gidan nan, yayata ba za ta dawo mini da ita ba. Ba za a iya rubuta cewa an gyara ba, ni kuma in gyara a hankali?"

"Ba na rubuta abin da ban gani ba, Maigida, ba na kuma ɓoye abin da na gani. Kai ma in aka kawo maka riga da tabo, ninke tabon kake yi ciki ka miƙa wa mai ita?"

Ya girgiza kai. Wannan ko a mafarki bai taɓa yi ba.

Kafin ta kai bakin titi ya ɗauko tsani da guduma. Ya ɓamɓare katakon, iska ta bugo, ƙura ta zubo a kan jerin fararen riguna. Dogo ya zabura zai kwashe su, ya ce masa ya bari, a sake wankewa. Daga nan ya ɗauki waya ya kira Yaya, ya gaya mata komai, bai rage ko ƙusa ɗaya ba. Yaya ta zo da mota, kuma abin mamaki ba ta ce uffan ba. Shirun nan ya fi masa zagi ciwo. Shi ya ɗauki jakar Inna ya sa a bayan mota da hannunsa.

Makonni suka wuce. Likita ya saurari sunan sinadarin ya gyaɗa kai. A gidan Yaya ɗankwalin ya sauka daga goshin Inna, ta koma cin abinci, har ta fara yi wa jikoki faɗa, alamar lafiya ta samu. Shi kuwa ya yi duk abin da aka ce, ya ƙara da wanda ba a ce ba. Kullum da safe yakan leƙa ɗakin ya tarar babu kowa, abin da ya daɗe yana tsoro ke nan. Da ya ce wa Yaya an gama gyara, sai ta ce, "Bakinka ba ya mini. Sai na ji daga bakin matar nan da ba ta san kunyar kowa ba."

Ranar da Malama ta dawo, bai yi fenti ba, bai fesa turare ba, injin yana kan aiki ta shigo. Yaya tana tsaye da hannu a ƙugu, Inna tana zaune cikin mota a waje. Malama ta fara da kwandon shara kamar wancan karon. Ta duba mita, allurar tana tsaye. Ta buɗe duron guggubi ta rufe. A ɗakin injin ta auna sama, ta auna ƙasa, ta sake cirar zare a kafaɗar Dogo, wanda ya ce shi dai ya zama kantin zare. Zaren ya karkata sama wajen fanka. Ta durƙusa inda ramin yake a da, zaren ya rataya shiru. Ta zagaya ɗakin Inna ta daɗe a ciki, har ta kwanta da gefe a ƙasa inda kan tsohuwa yake zama, ta ajiye na'urar kusa da hancinta.

Ta fito tana kakkaɓe zane, ta dubi Yaya.

"Da uwata ce, zan bar ta ta kwana a nan. Kuma zan dawo in sake aunawa ba tare da na sanar ba."

Yaya ta sauke hannu daga ƙugu. Ta dubi ƙaninta sama da ƙasa, ta ce, "To, je ka buɗe mata mota, ka tsaya kana kallona."

Malama ba ta jira godiya ba, ta ce akwai gidan burodi da ke jiranta a gaba. Sarkin Guga ya raka ta har titi, ya ce duk abin da ake faɗa a kanta an rage. Ta yi dariya ta ce ya dai riƙa share fankar.

Da ya koma, Inna tana tsaye tsakiyar ɗakinta tana jan hanci, fuskarta cike da damuwa.

"Kai, an daina kawo maka aiki ne? Ban ji komai ba."

"Ana aiki, Inna. Injin ma yana kai yanzu haka."

Ba ta yarda ba. Ta taka a hankali har jikin bangon, ta ɗora tafin hannunta a kai. Can ta ji ɗan kaɗawar injin yana ratso siminti zuwa hannunta. Fuskarta ta saki.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ta nan zan riƙa ji. Matso mini da katifar kusa."